Wane Wasa Zan Saya? Yadda Ake Auna Shawarar Gem, Lido Da Dara Kafin Kuɗi Su Fita

 Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a tsakaninmu, daga Agege da Mile 12 da Idi-Araba a Legas, zuwa Sabo ta Ibadan, har Ama Hausa ta Owerri da Lokpanta a Abiya. Mai gadi da ke kwana shi kaɗai a bakin get yana neman abin da zai hana shi gyangyaɗi. Ɗan kasuwar da ba ya fita ranar Litinin yana neman abin da zai cinye masa wuni. Magidancin da ya ɗauko amarya daga gida ya ajiye ta a ɗaki ɗaya, cikin unguwar da ba ta jin yaren maƙwabta, yana neman abin da zai ɗebe mata kewa, su kuma riƙa yi tare in ya dawo da dare. Dukansu tambayarsu guda: wane wasa ne ya fi?

Ni a Titin Bauchi nake zaune a nan Jos, kuma harkar waya da kayanta nake yi, saboda haka tambayar nan takan iso gare ni kusan kullum. Amsata ba ta yi wa mutane daɗi da farko, domin nakan ce babu wani wasa da ya fi. Duk wanda ya ce maka sayi kaza ko sauke kaza, yana gaya maka abin da ya dace da wutar gidansa ne, da aljihunsa, da lokacinsa. Kai naka daban. Abin da ya kamata ka iya shi ne auna shawarar, kuma babban ma'aunin da na gani shi ne wannan: wasan kirki yana da ƙarshe, yakan sallame ka ka tashi, wanda ba na kirki ba kuwa an gina shi ne don kada ka tashi.

Titi ɗaya, wasa iri-iri

Titin Bauchi ya taso daga cikin gari, ya wuce tashar mota da mazaunin Jami'ar Jos, ya bi gefen Unguwar Rogo da Unguwar Rimi, ya miƙa wajen Naraguta ya kama hanyar Bauchi. Jami'ar ma tana da alaƙa da ku mutanen Ibadan, don a 1971 aka buɗe ta a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, sai a 1975 ta tsaya da ƙafarta. Wannan haɗuwa ta tasha da jami'a da tsofaffin unguwanni ita ta sa kowane irin wasa kake nema za ka gan shi a titin nan. Ɗalibai da Scrabble da ces. Direbobi da 'yan kamasho da allon daraf a kan gwiwa kafin mota ta cika. Dattawa da dara a ƙasa bayan la'asar. Samari a gidajen gem, an jera talabijin ana buga ƙwallo. Cikin gida kuma mata da yara da lido da wot.

Abu biyu sun koya wa mutumin Jos zaman ɗaki. Na farko sanyi, don garin yana kan tudu mai tsawon mita 1,200 da 'yan kai, in hunturu ya kama a Disamba da Janairu majalisar dare watsewa take da wuri. Na biyu dokar hana fita, wadda muka gani a 2001 da 2008 da 2010, da kuma ta awa 24 da aka sa wa Jos ta Arewa a Agustan 2021. Allah kada ya maimaita mana. Ku ma ba baƙon abu ba ne a wurinku: kullen korona na 2020, dokar hana fita ta Legas a Oktoban shekarar, rufe kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, da zaman gida na ranar Litinin da ya fara a Kudu maso Gabas a Agustan 2021. A irin waɗannan ranaku ake gane wasan da ke da amfani. Ba fita gidan gem, ba wurin cajin waya, ba mai a janareta. Abin da kan rage a hannun mutum kwalin lido ne, da kati, da tsakuwar dara.

Fara da tambayar me yake ci

Kowane wasa yana da cimarsa. Wani wuta yake ci, wani data, wani batir, wani kuma ba ya cin komai sai lokaci. Mai ba ka shawara ba kasafai yake faɗa maka wannan ba, don shi ya saba biya har ya daina lura.

Ɗauki na'urar PlayStation. Ta biyu, wato PS2, ta fito a 2000, an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa har yau gwanjonta da kayan gyaranta ba sa wuya. PS4 ta fito a 2013, PS5 a 2020. Ita PS5 in ana tsakiyar wasa takan ja wuta kusan wat 200, ban da talabijin. In unguwarku ana samun wuta, to madalla. In kuwa janareta za ka tayar, sai ka tuna tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai lissafin ya canja. Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, kuɗin mai kullum ne. Wanda zai sayi ta hannu a Computer Village ta Ikeja ko Alaba, kada ya yarda a kunna masa minti biyu a kashe. A bar ta ta yi rabin awa tana aiki, ka saurari ƙarar fankarta, ka taɓa ka ji zafinta, ka gwada kowane maɓalli na hannayen biyu. Hannun gem shi ne ke fara lalacewa, kuma na asali ba arha.

Sai data. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Wasanni irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da eFootball ba sa tashi sai da intanet. Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne, ba buga wasan ne ya fi cin data ba, saukewa ce da sabuntawa. Yau ka sauke, jibi ya ce ba zai buɗe ba sai ka sabunta, datar da ka saya don kiran gida ta bidiyo ta tafi. Gwajin yana da sauƙi: bayan ka sauke wasa, kashe data ka buɗe shi. In ya yi aiki, abokin zama ne. In ya tsaya yana juyi, ka san ka ɗauko mai ci da yawa.

Na uku batir da memori. Ga ɗan kasuwa da ɗan acaba da mai wankin takalmi, waya ita ce shago. Ta nan kwastoma ke kira, ta nan ake ganin shigar kuɗi. Wasan da zai zuƙe batir kafin azahar, ko ya cika waya har ta riƙa sanƙarewa, ba kyauta ba ne ko da ba ka biya ko kwabo ba. Cinikin da ya wuce ka saboda waya ta mutu, shi ne kuɗinsa.

Wanda ke sallamar ka da wanda ke riƙe ka

Duba wasanninmu na da. Dara takan ƙare in an cinye wa mutum 'ya'ya har ba zai iya jera uku ba. Daraf yakan ƙare in ɗaya ya rasa ɗan da zai motsa. Wot yakan ƙare in katin hannun wani ya ƙare. Ko ƙwallon PlayStation, minti goma an hura usur. A nan ne mutum ke samun damar duba agogo, ya ji kiran salla, ya ce to sai gobe.

Yawancin wasannin waya da ake cewa kyauta ne ba haka aka gina su ba. Kamfanin da ya yi su ba sadaka yake yi ba. Yana samun kuɗi ne ta talla da kuma sayar maka da abubuwa a cikin wasan, don haka ribarsa tana cikin daɗewarka. Candy Crush Saga, da ya fito a 2012, yana ba ka rai biyar. In sun ƙare, ko ka jira rabin awa kowane ɗaya ya dawo, ko ka biya. Matakansa sun kai dubbai kuma ana ta ƙara sababbi, babu ranar da za ka ce na gama. Subway Surfers, shi ma na 2012, gudu ne marar iyaka. Da yawansu kuma suna da kyautar kullum, wadda in ka tsallake rana guda sai ka ji kamar ka yi asara, alhali ba ka rasa komai ba.

Wani zai ce ai macijin tsohuwar Nokia ma ba shi da ƙarshe, haka Tetris da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyat a 1984. Gaskiya ne. Amma macijin Nokia bai taɓa aiko maka da saƙo cikin dare yana cewa ka dawo ba, bai kuma taɓa neman kuɗinka ba. In ka mutu ka mutu, sai ka mayar da waya aljihu. Don haka bayan kwana uku da sauke wasa, tambayi kanka: wa ke kiran wani, ni ko shi? In shi ke kiranka, rufe masa bakin saƙo a cikin saitin waya. In duk da haka ka kasa ajiye shi, goge shi.

Abin ba na wasa ba ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da gem cikin jerin cututtukan da ta amince da su, jerin ya fara aiki a 2022. Alamomin da ta ba da su ne mutum ya kasa iko da lokacin da yake wasan, ya fifita shi a kan sauran harkokin rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake masa, kuma hakan ya ɗauki kimanin shekara. Ba kowane mai son gem ne ya kai nan ba, amma wanda ke zaune shi kaɗai a garin da ba nasa ba, ba uwa ba uba da za su ce ya isa haka, shi ya fi kusa da ramin.

Sa'a ce ko basira?

Ma'auni na gaba shi ne me ke kawo nasara. Lido asalinsa wani wasan Indiya ne da ake kira pachisi, a 1896 aka yi masa rajista a Ingila da siffar da muka sani. Akwai 'yar dabara wajen zaɓen ɗan da za ka tura, amma in shida ta ƙi fitowa ba yadda za ka yi. Maciji da tsani, shi ma daga Indiya, sa'a ce zalla. Wot kuwa wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙire shi a Ingila a 1935, kati 54, sai mu 'yan Najeriya muka karɓe shi muka ƙara masa dokokinmu, irin su ɗauki biyu da kowa ya je kasuwa. Shi rabi sa'a ne rabi wayo. Dara da daraf da ayo da ces kuwa ba ruwansu da sa'a. Komai a fili yake a kan allo, in an ci ka to an fi ka tunani ne a wannan zaman.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Domin in ku biyun ba ƙarfinku ɗaya ba, misali uba da ɗa, ko miji da ya daɗe yana daraf da matar da ba ta taɓa yi ba, wasan basira zai zama cin zali. Kullum mutum ɗaya ke ci, cikin mako ɗayan zai ce ya gaji. Irin waɗannan gara su fara da wot, inda sa'a kan ba ƙarami dama ya ka da babba, a yi dariya. In kuwa ƙarfinku ya zo ɗaya, wasan basira ya fi daɗewa, don mutum biyu kan yi shekara goma suna daraf ba su gaji da juna ba.

Akwai kuma maganar malamai, wadda bai kamata a ɓoye ba. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim da tsanani a kan nardi, wasan da ake yi da ƙwayar kaɗawa, kuma malamai da yawa suna sa lido a ƙarƙashinsa saboda ƙwayar. A kan ces, wanda littattafai ke kira shaɗaranji, an yi saɓani: Imamu Malik ya ƙi shi, su kuwa Shafi'iyya sun sassauta da sharaɗin babu kuɗi a ciki, ba ya hana salla, ba ya jawo zagi. Ni ba malami ba ne, wanda abin ya dame shi ya tambayi malamin unguwarsu. Amma kowa ya haɗu a kan cewa in kuɗi suka shiga ko salla ta wuce, wasan ya ɓaci.

In kai kaɗai ne

Ga mai gadi da duk wanda aikinsa ke buƙatar kunne a buɗe, sharaɗi na farko shi ne wasan ya zama wanda ake iya tsayarwa nan take, kuma ba ya buƙatar abin ji a kunne. Wannan kaɗai ya fitar da wasannin harbi na intanet, don su ba a tsayar da su, kuma sai da sauraron takun abokin gaba. Mai gadin da ya toshe kunnuwansa yana jin takun ɓarawon cikin waya, ba zai ji na bayan katanga ba.

Abin da na fi ba da shawara a nan uku ne. Sudoku, gida 81 da ake cikewa da lamba ɗaya zuwa tara, ba ya cin batir sosai, akwai shi ma a takarda, kuma kowane ɗaya yana da ƙarshe. Sai wasan ces da kwamfuta ko warware matsalolinsa. Manhajar Lichess kyauta ce ta gaskiya, babu talla babu sayar da komai, don da gudummawar masu amfani da ita take tafiya. Sai wasannin haɗa kalmomi irin Scrabble ga wanda ke son ƙara Turanci saboda kasuwa. Kada a raina shi: a 2015 ɗan Najeriya Wellington Jighere ya zama zakaran duniya na Scrabble a birnin Perth na Ostireliya, ɗan Afirka na farko da ya kai nan.

Mai son ƙwallo kuma ya nemi wanda ke aiki ba data, ya buga da kwamfuta, ya yanke wa kansa adadi tun kafin ya fara. Wasa biyu, ba sai na rama ba. Sai na rama ɗin nan ita ke kai mutum asuba.

In ku biyu ne

A nan kwali da katako sun fi allon waya nesa ba kusa ba, domin abin da ake nema hira ce, wasan hanya ce kawai. Mutum biyu da ke kallon allo ɗaya a tsakaninsu suna kallon juna. Mutum biyu kowa da wayarsa, ko gado ɗaya suke, kowa garinsa daban.

Dara ba ta buƙatar saye. Gurbi 30 ne, jeri biyar sau shida, a haƙa a ƙasa ko a zana a bayan kwali. Kowa 'ya'ya 12, ɗaya ya ɗauki guntayen kara ɗaya tsakuwa, ko murafen lemo kala biyu. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare. Daga nan sai a fara turawa gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku a layi ya ci, sai ya cire ɗan abokin wasansa guda. Kowane gari da 'yar dokarsa, don haka ku daidaita tun kafin a dasa, kada Bakatsine da Basakkwace su ɓata a kan abin da bai kai ba.

Ku da ke ƙasar Yarbawa kuna da wata dama da mu ba mu da ita sosai, wato ayo. Katako ne mai gurbi 12, shida kowane ɓangare, da ƙwaya 48, huɗu a kowane gurbi. Inyamurai ma suna da irinsa da suke kira ncho. Ya yi kama da darar gurbi da mata da yara ke yi a gida, don haka hannun Bahaushe ba ya daɗewa bai kama ba. Amfaninsa ya wuce ɗebe kewa. Zama da dattijon unguwa ya koya maka ayo yana buɗe ƙofar da shekara biyar ta gaisuwar nesa ba ta buɗe ba, kuma ranar da hankali ya tashi, maƙwabcin da kuka saba zama a benci ɗaya ba kamar wanda bai san sunanka ba ne. Haka daraf, mai gida ɗari da 'ya'ya 20 kowane ɓangare: daga Titin Bauchi har Fatakwal doka kusan ɗaya ce, ba ya buƙatar tafinta.

In kuwa gem ɗin talabijin kuke so, ƙwallo ce sarauniya. Wanda muka sani da PES kamfanin Konami ya mayar da shi eFootball a 2021, FIFA kuma ya koma EA Sports FC a 2023. Kowace shekara sai an fito da sabo, samari su ce na bara ya tsufa. Ga mutum biyu a ɗaki ɗaya, na shekara uku da ta wuce ya wadatar. Bambancin sunayen 'yan wasa ne da riguna, daɗin cin abokinka a minti na 90 bai canja ba. Buga shi da mutanen nesa ta intanet a na'urorin zamani kuwa galibi sai da biyan kuɗin wata, da kuɗin waje, ga kuma intanet mai ƙarfi.

Ga wanda abokin wasansa ke nesa, shi yana Legas ƙaninsa yana Jos, a nan waya ke da rana. Ludo King, na wani kamfanin Indiya da ya fito a 2016, yana ba ka lambar ɗaki ka tura wa wanda kake so. A Lichess kuma kuna iya buɗe wasan da kowa ke da kwana ɗaya ko fiye kafin ya motsa. Ka tura ɗanka da safe kafin ka fita kasuwa, ya amsa da dare. Data kaɗan, ga zumunci kullum. Wanda ke ganin ces na 'yan boko ne ya dubi Tunde Onakoya, wanda ya tashi a Ikorodu, yake koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas wasan, har ya yi awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York a Afrilun 2024.

Inda wasa ke komawa caca

Wannan shi ne wurin da na fi ganin samari na zamewa. Abin yakan fara ne da wanda aka ci shi ya biya kuɗin gem. Sai a ce a sa ɗan wani abu don wasan ya yi armashi. Kafin wata uku yaro ya bar gidan gem ya koma shagon caca, inda ake nuna ƙwallon kwamfuta da ke ƙarewa cikin 'yan mintoci. A ido kamar gem ɗin da ya sani, amma babu hannu a wurinsa, ba abin da yake bugawa, kuɗinsa kawai yake miƙawa ga na'urar da aka saita don mai shago ya ci riba. Akwai kuma manhajojin lido da wot da ke cewa zuba kuɗi ka ci kuɗi. Sunan wasa ne, jikin caca.

Har cikin manyan wasanni akwai wani salo: ka biya kuɗi a ba ka akwati a rufe, ba ka san ɗan wasan da zai fito ba sai ka buɗe. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan akwati caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da makin sayensa a ƙasar a farkon 2019. In Turawa sun kira shi da sunansa, mu ma mu kira shi. Dokar mai sauƙi ce: duk wasan da ya nemi ka biya don abin da ba ka san me zai fito ba, ko ya yi maka alkawarin kuɗi, rabu da shi. Mutum ya baro Kano ko Maraɗi don ya tara ya aika gida, in abin aikawar ya ƙare a nan, dara ta ci gida ke nan.

Kafin ka miƙa wa yaro waya

Kowane wasa a Play Store yana da alamar shekaru a ƙasan sunansa: 3+, 7+, 12+, 16+ ko 18+. Ba ado ba ne. GTA da Mortal Kombat, da ake ganin yara 'yan firamare na bugawa a gidajen gem, na manya ne, akwai kisa da jini, a GTA har da abin da ba za ka so ɗanka ya gani ba. Wasannin harbi na intanet kuma suna da wurin hira da baƙi, yaronka na magana da wanda ba ka san ko waye ba. In katin bankinka na haɗe da wayar, sa kalmar sirri a kan saye kafin ka miƙa.

Yaran da aka haifa a Kurmi da yawa Hausarsu tana rauni, wasu sun fi jin Yarbanci ko Turancin kasuwa. Rabin awa na dara da baba bayan isha'i yana koya musu ƙirga da Hausa, da zolaya, da haƙurin shan kaye, abin da babu manhajar da za ta ba su.

In aka matsa mini sai na faɗi abin saye, ga shi bisa ƙarfin aljihu. Marar komai ya zana dara a kwali, ya sa sudoku a waya. Mai ɗan canji ya sayi kati na wot da allon daraf ko ayo, za su yi shekaru ba caji ba gyara. Mai hali da wuta a unguwa ya sayi PlayStation ta hannu da hannaye biyu masu kyau da tsohuwar ƙwallo, ya ajiye ta a falo inda kowa ke gani, ba a ƙuryar ɗakin yara ba. Duk wanda kuma ya zo maka da sabuwar shawara, tambaye shi abu uku: me yake ci, yaushe yake ƙarewa, kuma yana neman kuɗi bayan an fara? In ya kasa amsawa, bar kuɗinka a aljihu. Allah ya tsare mana ku a inda kuke, ya sa albarka a nema, ya bar zumunci.